Tutar da Ingolf Bai Gani Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaure jirgin ruwa a tasharmu ya ji karatun tuta daga bakin mijina, Ingolf, ko yana so ko ba ya so. Karatun ba shi da tsawo. Ragar masunci baki biyu gare ta, kowane baki da gorarsa mai sanda tana yawo a kan ruwa. Gorar yamma tuta biyu ake ɗaura mata, ta gabas tuta ɗaya. In ka ga biyu, ka bi ta yammacinta. In ka ga ɗaya, ka bi ta gabashinta. Abin da ke tsakaninsu kuwa abincin wani ne, ba hanyarka ba ce. Daga nan sai ya gyara hularsa ya rufe da cewa, "Wanda bai iya ƙirga biyu ba, ya zauna a gida ya yi wasa da ruwan baho."

Mutanen Kopenhagen, babban birnin ƙasarmu, da ke zuwa mana da fararen jiragensu lokacin zafi su suka fi shan wannan karatu. Ingolf ya tsufa yana su, kuma babu shekarar da farfelar jirgin wani ɗan hutu ba ta yaga masa raga ba, saboda haka ba na cewa faɗan nasa ba dalili. Sai dai ya cika jin daɗinsa. Na sha ganin ya tsare babban mutum a gaban matarsa da 'ya'yansa yana ɗaga masa yatsu yana cewa, "Wannan nawa ne? To wannan fa?" Tsofaffin da ke zama a bencin maƙaryata, wato dogon bencin da ke jikin rumfar gyaran raga, su yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa in na wuce sai in sunkuyar da kai, don ban taɓa son abin ba.

Da gwiwoyinsa suka ƙi, ya sayar wa Asger babban jirginsa. Asger ɗan maƙwabtanmu ne, a hannun Ingolf ya koyi su, yanzu ga shi da mata da 'ya'ya. Mu kuma muka rage da ɗan ƙaramin jirgi mai inji a baya. Duk Lahadi in iska ta kwanta, nakan zuba kofi a fulas, in yanka baƙin burodi da bandar kifi, mu tafi Tangen, wani tudun yashi da ke can ƙarshen tsibirinmu, mu zauna mu ci mu dawo. Wannan fitar ita kaɗai ta rage masa a teku, kuma da ita yake auna cewa har yanzu shi mutum ne a tasha.

Ni na riga kowa sanin idonsa ya fara tafiya. Haka dai nake zato a lokacin. Ya daina karanta jarida, wai duk ƙarya ce a ciki. Yana zuba kofi, rabi a kofi rabi a faranti. Wata safiya ina kallonsa ya ɗaga wa injin sayar da mai hannu, ya ce masa ina kwana. Da na yi maganar likita, sai ya ce idon da ya hango Sweden daga nan ba likitan da zai koya masa gani. Na ƙyale shi. Kowa ya zauna da Ingolf ya san musu da shi ɓata yawu ne.

Lahadin da abin ya faru muna kan hanyar dawowa ne, rana ta karkata tana dukan ruwa, hasken yana shiga ido. Ina zaune a gaba da kwandon abinci a cinyata sai na hango gora, da jajayen tutoci suna kaɗawa.

Na ce, "Ingolf, ga raga can."

"Na gan ta tun kina ɗaure kwandonki."

"Tuta biyu ce."

"Ɗaya ce."

"Biyu ce, tsoho. Ga ta sama, ga ta ƙasa."

"Jytte, ke kika yi su ko ni? Tun ba ki san gabas da yamma ba nake kallon tutar nan. Ɗaya ce, ta gabas za mu bi. Ki kula da fulas ɗinki kada ya kife."

Ya karya akalar injin muka bi ta gabas. Gorar ta zo ta wuce mu kusa-kusa, har ina iya karanta lambar jirgin Asger a jikinta, tutocin nan biyu suna kaɗawa a saitin fuskar Ingolf. Na ga ya juya ya kalle su. Na ga lokacin da ya gane. Ya kai hannu zai kashe injin, amma ina! Ruwan wajen ba zurfi, ragar tana dab da sama. Injin ya yi wani gurnani, jirgin ya fizga har fulas ɗin ya faɗi, sai tsit.

Ingolf ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya ɗago injin. Raga ta nannaɗe farfela tam, har da babbar igiyar sama, ga wani kifi ya maƙale a ciki yana numfashi. Ya yi ta ƙoƙarin warwarewa da yatsu har suka fashe. Da abin ya faskara ya ciro wuƙarsa. Wuƙar nan ita ya sha nuna wa baƙi yana cewa duk wanda ya sa irinta a ragar wani ɓarawo ne. Na kau da kai lokacin da yake yankan, amma kunne ba ya rufuwa, ina jin zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Da ya gama bai saki igiyar ba. Masunci ba ya barin raga a tsinke, don rabinta zai bi ruwa ya yi ta kashe kifi ba mai ci. Ya jawo bakin nan da bakin can ya haɗa, ya ƙulle su, ya ja da ƙarfi ya tabbatar, sannan ya sake ta ta nutse. Ko kallon hannunsa bai yi ba.

Ya ce, "Ba sai kin gaya wa kowa ba."

"Ni ba mai yawo da magana ba ce. Amma Asger fa?"

"Da bakina zan gaya masa."

"Yaushe?"

Sai ya ja igiyar injin, ƙararsa ta cinye tambayar.

Da muka shigo tasha Asger yana kan jirginsa yana wanke akwatunan kifi. Ya ɗago hannu ya ce, "Baba Ingolf, yaya ruwan?" Ingolf ya ce, "Lafiya lau," ya wuce. Ni da nake biye da shi da kwando, ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. A gida bai ci abinci ba. Ya zauna a bakin taga yana fuskantar teku, yatsunsa suna ɗigar da jini a wando, bai ko bari na sa masa magani ba.

Washegari da safe ya sa hularsa zai tafi benci kamar kullum, don rashin zuwansa ma magana ce. Na ce zan sayo kifi, na bi shi. Gaskiya ba kifi ya kai ni ba. So nake in ga ya buɗe baki ya yi abin da ya ce zai yi.

Mun tarar da ragar shimfiɗe a gaban rumfa, da ƙatuwar ɓaraka a tsakiyarta wadda saniya za ta wuce ta ciki. Asger yana tsugune a gefe, ya riƙe igiyar sama a hannu. Tsofaffin benci sun kewaye ta. Verner, wanda ya yi aiki a jirgin fito har ya yi ritaya, kuma bakinsa bai taɓa yin ritaya ba, shi ne ke ta sababi.

"Ga shi can! Farin jirgin can da ya shigo jiya da yamma. Wa kuma zai yi wannan aika-aika in ba su ba? Ku kira mini mai shi!"

Aka kira baƙon. Wani dogon mutum ne siriri mai tabarau, ya fito da gajeren wando da buroshin haƙori a hannu, matarsa tana leƙowa daga cikin jirgin. Verner ya tare shi tun kafin ya ƙaraso.

"Malam, a makarantarku ta birni an koya muku ƙirga?"

"Ban gane ba, ranka ya daɗe."

"Za ka gane. Wannan yatsu nawa ne? To wannan fa? Madalla, ashe ka iya. To me ya kai ka tsakiyar ragar bawan Allah? Ka san yaran da ke ci daga ragar nan?"

Karatun Ingolf ne tsaf, har da ɗaga yatsun. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a da in aka kama irin wannan baƙo, Ingolf ake turawa gaba, a ce, "Tashi ka karanta masa." Ran nan ba wanda ya ce masa ya tashi. Ba wanda ma ya kalli inda yake. Ya zauna a ƙarshen benci, ya cusa hannuwansa masu ciwo cikin aljihu, ya ƙura wa takalmansa ido. Na tsaya a bayansa ina jira. Na taɓa kafaɗarsa, bai motsa ba. Shekarun da na yi da mutumin nan na ji haushinsa ba adadi, amma ban taɓa jin kunyarsa ba sai a wannan safiya, kuma kunyar ta haɗa har da ni da nake tsaye a wurin baki a rufe.

Baƙon ya yi tsuru-tsuru. Kunnuwansa suka yi ja. Ya kalli ragar, ya kalli matarsa, ya ce, "Ni dai ban ji na taɓa komai ba. Amma ban rantse ba, don ni sabon shiga ne, bana na fara tuƙi. Na ga tutoci jiya, na yi nesa da su iyakar iyawata. In ni ne, ku yi haƙuri, zan ɗauki nauyin gyaran."

Verner ya ce, "Kai ne mana. Da wa?"

Da mutumin ya yi musu, ko ya yi zagi, ina jin da Ingolf ya iya daurewa. Amma sai ya waiga yana neman wanda ya fi kowa furfura, ya taka har gaban mijina, ya ɗan rusuna.

"Baba, an ce mini a tashar nan akwai dattijon da ya fi kowa sanin tutocin nan. Ina jin kai ne. Don Allah ka koya mini yadda abin yake, kada in sake cutar wani."

Verner ya yi wuf ya ce, "Kai, rabu da shi, ba ya jin daɗi yau. Zo nan ni in koya maka." Amma Ingolf ya riga ya dafa benci ya miƙe. Ya zaro hannuwansa daga aljihu, kowa ya ga yatsun. Ya cire hularsa, abin da ko a coci sai na zungure shi yake yi.

Ya ce, "Ɗana, koma ka ƙarasa wanke bakinka. Ba kai ba ne." Ya yi gyaran murya. "Asger, ni ne. Jiya muna dawowa daga Tangen. Jytte ta ce mini biyu ce, na ce ɗaya. Ni na hau ta, ni na sa mata wuƙa. Ka gaishe ni a nan na amsa na wuce ka."

Na zaci za a yi salati, ko wani ya ce haba, ko a yi dariya ma. Ba ko ɗaya. Wannan ya kalli ƙasa, wancan ya shiga laluben tabarsa. Fuskar da ta nuna mamaki a wurin ɗaya ce tak, ta baƙon.

Verner ya yi tsaki ya ce, "Wa ya tambaye ka? Kai dai ba ka iya zama shiru ba. Da ka bari, da yanzu an wuce wurin. Mutumin nan gobe zai kama gabansa, ba zai sake ganinmu ba."

Ingolf ya juya a hankali. "Me kake nufi?"

Asger ne ya taso, da igiyar a hannunsa. Ya kamo hannun Ingolf ya ɗora a kan ƙullin.

"Baba, duk tsibirin nan bahago ɗaya ne ke ƙulli a juye, wato kai. Tun a ruwa da na jawo ta na gane. Su ma da na shimfiɗa ta duk sun gani."

"Kun sani, kuka kira bawan Allahn nan kuna ci masa mutunci?"

"Ni ban so ba. Na dai yi shiru." Asger ya sosa ƙeya. "Kuma laifin nawa ne, Baba. Na ji rediyo ta ce za a yi iska ranar Lahadi, na ɗauka ba za ku fita ba, shi ya sa na zuba a can. Da na san za ku fita da ban zuba ba."

"Don me ba za ka zuba ba? Nan ne kifi yake. Ni na nuna maka wurin."

Asger ya kalli Verner, Verner ya kalli sama. Daga ƙarshe Asger ya ce, "Ai tun bara ba mai zuba raga a hanyar Tangen ranar Lahadi. Mun yi magana a tsakaninmu. Ran Asabar kowa yake kwashe tasa."

"Tun bara."

"Tun ranar da ka shigo ka daki gorar bakin tasha ka ce igiyar ruwa ce."

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ran nan. Duk Lahadin da ya dawo yana cika baki, yana cewa ya kai Tangen ya dawo ko zare bai taɓa ba, ashe share masa hanya aka yi kamar yadda ake kwashe kujeru a gaban yaro mai koyon tafiya. Mutane masu iyali suna barin wurin da ya fi kifi don kada tsoho ya ji kunya. Ni ma da nake tinƙaho ni kaɗai na san sirrin mijina, ashe har matan da nake haɗuwa da su a kanti sun sani, suna kallona suna tambayata ya ruwa jiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ingolf ya tsaya yana murza hularsa. Can ya juya wajen baƙon, sai dai ya ɗan kauce, yana fuskantar turken da ke gefensa. Na kama gwiwar hannunsa na gyara masa tsayuwa, a gaban kowa, kuma bai fizge ba.

Ya ce, "Ka yafe mana. Ni na fara, su suka ƙarasa. Tutar kuwa, biyu yamma, ɗaya gabas, kada ka shiga tsakani. In ba ka tabbata ba ka tambayi matarka, kuma in ta faɗa ka ji."

Mutumin ya miƙa masa hannu da buroshin a ciki, sannan ya tuna ya sauya hannu. Verner ya bi shi har jirginsa da bandar kifi a takarda yana ta surutu, wai shi dama wasa yake yi.

Ingolf bai koma benci ba. Ya shiga rumfa ya lalubo allurar saƙa da zare a inda suke tun zamaninsa, ya jawo akwatin kifi ya zauna a gaban ɓarakar. Asger ya ce ya bari, shi zai gyara. Ingolf ya zura zare ya fara saƙa. Saƙar raga ba ta neman ido, hannu ne ya san hanya. Ya yini a nan, ya koma washegari, da wanshekaren washegari, mutane suna wucewa suna rage murya. Nakan kai masa burodi da rana in ajiye a gefensa, wani lokacin ya ci, wani lokacin tsuntsaye su ci. Ya yarda na yi wa likitan ido waya, amma a gida ba ya magana sai dole. Makullin ɗan jirginmu kuwa ya cire shi daga aljihunsa ya rataye a ƙusar bayan ƙofa, inda nake rataye tsumman goge-goge.

Ranar da ya gama, Asger ya zo ɗaukar ragar. Ina wurin na kawo kofi. Ingolf ya riƙe gefenta bai saki ba.

"Ka gaya musu ran Asabar kada wanda ya kwashe komai. Kowa ya zuba inda kifi yake."

"Baba, ai ba wani abu ba ne, yini ɗaya ne a mako…"

"Asger, in na sake jin an share mini hanya, da hannuna zan huda jirgin nan in nutsar da shi a bakin tasha. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Lahadi ta zo da rana mai kyau, ruwa kwance. Ban yanka burodi ba, don na ɗauka mun gama da Tangen ke nan. Ina wanke kwanuka sai na ji shi a bayana.

"Yau ba kofi ne?"

Na juyo. Yana tsaye da hularsa, ya miƙo mini makullin.

Na ce, "Ni? Ni da ban san gabas da yamma ba?"

"Ki ɗauka mana, hannuna ya gaji."

A tasha tsofaffin benci suna zaune reras. Suna kallo na sauka na zauna a baya wajen inji, shi kuma ya rarrafa gaba ya zauna a wurina, ya ɗora kwandon abinci a cinya. Na jira Verner ya yi tsiyarsa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ɗaga mana hannu kawai. Wannan shirun ya fi wa Ingolf zafi a kan kowace tsokana, na gani a wuyansa da ya sanƙare. Sai da na ja igiyar injin har kafaɗata ta amsa kafin ya tashi.

Muna fita bakin tasha na ga abin da na manta rabona da gani. Hanyar Tangen cike take da jajayen tutoci, nan da can, har iyakar ganina. Ingolf yana ta juya kai yana ƙanƙance ido, na san ja-ja kawai yake gani a cikin haske. Gora ta farko ta matso. Na rage gudu.

Bai juyo ba ya ce, "Jytte."

"Na'am."

"Nawa ce?"

"Biyu."

Ya kalli wajen da tutocin suke. Na ga leɓensa yana motsi, na ce a raina yanzu musu zai taso. Sai ya gyara riƙon kwandon.

"To, bi ta yamma," in ji shi.